Fulas Biyu

Motoci sun tsaya cak a kan gada, rana ta fara cizo. Baba Direba ya kwance murfin fulas ɗaya ya kara bayan hannunsa. Ɗumi!

A cikin fulas biyun nan gidan ƙwan aladu ne da aka ciro yanzu a mayanka. Autarsa ce ke bincike a jami'a, wai tana duba yadda fatar ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwan take sauyawa idan ya fara nuna. Shekara uku tana kai. Yau kaɗai aka ba ta babbar na'urar hangen ƙananan ƙwayoyi, daga gobe sai bayan wata shida. Motar sashensu ta lalace, shi ya sa ta roƙe shi.

"Ni da hannuna, alade?" ya ce mata da safe. "Uwarki dai kada ta ji."

Yanzu sau huɗu ya kira autar a waya, ba ta ɗauka ba. Shekara talatin ya yi yana jigilar nama, bai taɓa ganin naman da ɗumi ya yi wa alheri ba. Wane irin mahauci ne zai zuba kaya ba ƙanƙara? Ya yafito mai sayar da ruwan sanyi.

"Maigida, tun da safe zafi ya ci ka?"

"Miƙo ƙanƙarar, ban da surutu."

Sai dai ya tsaya. Yaran nan na boko, wani lokacin da dalilinsu. Ya yi dabara irin ta manya: ya zuba a ɗaya, ya bar ɗaya. Kowanne ne daidai, ai an tsira da rabi.

Ta tarye shi a ƙofar ɗakin gwaji da farar riga. Ta buɗe na farko, ta yi ajiyar zuciya. Ta buɗe na biyu, ta ɗago ta dube shi.

"Baba, ƙanƙara?"

"Na raba ƙafa ne, uwata. Ga ɗayan can lafiya lau."

"Sanyi kashe su yake yi. Dole su zo da ɗumin jiki." Ta nuna fulas biyun. "Kuma ba iri ɗaya ba ne. Na wancan ɗanyu ne, na wannan nunannu. Gwada su zan yi da juna. Ɗaya shi kaɗai ba ya gaya min komai."

Ya dubi agogon bango. Sha ɗaya da kwata.

"Ƙarfe nawa suke gama yanka?"

"Sha biyu. Baba, gadar nan ba za ta bar ka ba."

"Wa ya ce miki hanya ɗaya ce?"

Ya karɓi fulas ɗin, ya juye ƙanƙarar a wurin wanke hannu, ya miƙa mata.

"Cika shi da ruwan ɗumin naku. Kuma kafin ya cika, gaya min sauran abin da ban sani ba."