Laburaren Injiniya

Tun da Injiniya ya yi ritaya daga ofishin ruwa, hantsi kan same shi a baranda, waya a kan cinya, yana kallon masu saurin tafiya aiki. Idanunsa sun yi rauni, karatu ya gagara. 'Ya'ya duk sun watse. Auta, wadda ta gaje shi a rubuta manhaja, ita ta fi kowa nisa, kuma kiranta gaisuwa ce a tsaitsaye: ya jiki, ya Umma, sai anjima ana jirana.

Wata Talata ta kira, ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba.

"Baba, ka san me na tarar a wurin aikinmu? Laburarenka!"

Wani tarin lissafi ne da ya rubuta da yaren kwamfuta na Fortran tun kansa baƙi wuluk, wanda ke faɗin ƙarfin ruwa a kowace mahaɗar bututu. Kamfanin su Auta aka ba aikin sabunta manhajar ofishin. Su da wani yaren, Python, suke rubutu, amma shugabanta ya ce kada a taɓa tsohon lissafin tunda bai taɓa ba da kunya ba. A dai yi hanyar da sabuwar manhajar za ta riƙa kiransa, ta miƙa masa alƙaluma, ta karɓi amsa.

"Na haɗa su, kuma yana amsawa," in ji ta, "sai dai amsar shirme ce. Wai ruwa na hawa tudu da kansa."

Kafin ta rufe baki Injiniya ya gano inda gizo ke saƙar. Nata yaren yana jera alƙaluman jadawali layi bayan layi, nasa kuwa daga sama zuwa ƙasa yake ɗibar su. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ji yadda muryarta ta cika barandar, ya haɗiye maganar.

"Karanto min yadda kika kira shi," ya ce. "A hankali, kunnen ma ya tsufa."

Ta karanta. Shi kuma ya shiga ba ta labarin ɗakin da ya rubuta abin: fankar da ke kuka kamar akuya, da abokinsa Dogo mai cire takalmi in lissafi ya ƙi fita, wai ƙwaƙwalwarsa a tafin ƙafa take. Auta ta yi dariya har da tari. Rabonsa da jin wannan dariyar tun tana makaranta. Washegari ta sake kira, suka duba wurin da ya san lafiyarsa ƙalau.

Da ya ajiye wayar, Umma ta dire masa kofin shayi da ɗan ƙarfi.

"Ka san matsalar tun jiya. A fuskarka na gani."

"Ke kuma yaushe kika zama injiniya?"

"Tun ranar da na auri ɗaya. Yarinya na can ana hura mata wuta, kai kana nan kana jan zance."

Ya bar shayin nan har ya huce.

Kira na gaba muryar Auta a dishe ta zo. Ta ce shugabanta ya gaji, in abin bai daidaita ba za a watsar da laburaren a rubuta sabo. Ba wannan ne ya taɓa Injiniya ba. Ji ya yi tana jan numfashi irin na lokacin da take ƙarama in tana ƙoƙarin hana kanta kuka.

"Auta, saurara. Jadawalin da kike miƙa masa, a kwance kike ba shi, shi kuwa a tsaye yake karɓa. Juya shi."

Sai ya ji ƙarar maɓallai.

"Baba! Ruwa ya gangara!" Ya ji tana kiran abokan aikinta, kujeru na gurzar ƙasa, wani na tafi. "Baba, bari in nuna wa shugaba. In mun gama aikin nan zan zo gida, in sha Allah."

Ya so ya tambaye ta yaushe, amma ta riga ta kashe.

Da la'asar ta turo hoton sabuwar manhajar. Ya kusanto da wayar har tana taɓa hancinsa, bai ga komai ba sai haske. Ya miƙa wa Umma.

"Me kika gani?"

"Zane-zane ne shuɗaye, sun bazu kamar saiwa. Ga kuma hannunta a gefe, tana nuna wani wuri."

"Hannun nata ya rame?"

Umma ta gyara tabarau ta ƙura ido. "Yatsu biyu ne kawai suka fito, Injiniya."

"To, faɗa min yadda suke."