Jirgin da Biba Ta Shanya

Saley ya rasu ya bar wa matarsa Biba wani tsohon jirgin ruwa na katako, ƙarami, irin mai tafiya da iska, a cikin wata rumfa bakin kogin Saône. Gyaransa yake yi ajali ya riske shi. Mai rumfar ya ce ƙarshen Afrilu za a rushe wurin. In jirgin ya iya zama kan ruwa, akwai inda za a ɗaure shi. In bai iya ba, sai zarto.

Biba 'yar Maradi ce, kuma a Maradi abin da kake so ya daɗe shanya shi kake yi: nama, kuɓewa, tumatir, har fata. Don haka duk tsawon sanyi ta kunna wa jirgin shofaj, na'urar ɗumama ɗaki, ta kankare tsohon fenti, ta lulluɓe shi kada ko raɓa ta taɓa shi. Ran da ta yaye tamfol, sai ga haske yana ratsowa tsakanin katakan. Har tsinin wuƙa na shiga.

Ta kira ƙanenta Mustafa, injiniya a garin Sevran. Ko gaisuwa ba su ƙarasa ba ya yanke hukunci.

"Yaya, ki cike ramukan da rezin, ƙaron nan mai daskarewa, haka kowa ke yi a intanet. Ko ki bari su sare shi kawai. Ke da ko tafki ba ki taɓa shiga ba!"

Wannan "kowa" bai kwanta mata ba. Shekara talatin ta yi tana koyarwa, ta san yadda aji guda ke kwafar kuskuren mutum ɗaya.

Ranar Asabar a unguwar La Guillotière, wajen sayen busasshen kifi, ta nuna wa mai shagon, Kadidiatou, hoton jirgin. Kadidiatou 'yar Gaya ce, gidan masu kwalekwale ta tashi. Ta yi dariya har da dafa teburi.

"Hajiya, ai kilishi kika yi da shi! Ƙishirwa yake ji. Babana sabon kwalekwale nutsar da shi yake, kwana bakwai, katako ya kumbura ya haɗe da kansa. Kika cusa masa abu mai tauri, ranar da ya jiƙa sai ya tsage."

"In nutsar da abin da nake so ya taso?"

"Da hannunki ma."

Saura kwana tara a rushe rumfar. Aka tura jirgin inda ba zurfi, Biba na tsaye tana kallon ruwa yana ɓulɓulowa ta kowace tsaga, har jirgin ya zauna a ƙasa. Kullum sai ta zo ta tsaya, babu abin gogewa, babu abin lulluɓewa.

Rana ta bakwai ta tattare zane ta shiga da bokiti. Tun hantsi take kwasa, sai bayan azahar jirgin ya motsa a ƙarƙashinta, ya taso. Ta zauna a wurin da Saley ya ce nasa ne, ta zuba wa katakan ido. Ruwa ya ɗan tsattsafo, kamar cikin kofi, ya tsaya.

Ta ɗaga wa mai rumfar hannu, ta ce ya ajiye zartonsa ya miƙo igiya.