Kwabo Mai Huji

Ni Inuwa, zobba nake ƙerawa da tsofaffin kuɗi a rumfata ta kasuwar Tarauni. Anini, sisi, fataka, duk abin da 'yan gwangwan suka tsinto ni suke kawo wa, kuma ban taɓa damuwa da inda suka samo ba.

Maƙwabciyata a Gyaɗi-Gyaɗi, Malama Esther, 'yar Kudancin Kaduna, ta taɓa kawo mini kwabo biyu masu huji, gadon mahaifiyarta. Ɗaya na mayar mata zobe. Ɗayan na buga masa ƙaramin gicciye, ta zura zare ta rataya wa ɗanta Timothy a wuya. Da shi ya girma har ya shiga jami'a. A zamanin soja wata mota marar lamba ta ɗauke shi a bakin titin Zariya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da mulki ya koma hannun farar hula aka yi ta sakin mutane. Kullum Esther tana manne da rediyo, kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe.

Ran nan wani ɗan gwangwan ya zazzage mini buhu. Cikin tarkacen na hangi kwabo ya yi kore, da guntun zare a hujinsa. Na goge shi da toka, sai ga gicciyen, har da karkacewar da hannuna ya yi. Na tambayi inda aka samo shi. Ya ce masu haƙar yashi ne suka tono shi a wani rami a bayan gari, kuma sun rantse ba za su koma wurin ba.

Na jefa shi cikin gwangwani. Amma duk sanda na ɗaga guduma sai in ji kamar mutum na tsaye a bayana. Na rasa ta inda zan fara gaya mata, ni da ake yi wa tsiyar surutu.

Ashe ba sai na faɗa ba. Ta biyo daga cefane, ta cusa hannu a gwangwanin kamar an nuna mata. Ta daɗe tana juya kwabon.

"Malam Inuwa, ka mayar da shi zobe."

Na ɗauko zare zan auna yatsanta, ta janye hannu.

"Ba nawa ba. Ka yi shi da faɗi, yatsun babansa gare shi. Kada in ya dawo ya matse shi."

Na hura wuta, na yi shi da faɗi.