Ƙarafan da ke cikin bututun hayaƙi

Su biyu ne a gidan: Nana Hasiba da jikarta Nermina, wadda iyayenta suka tafi ci-rani Austriya. Suna da saniya, suna da dankali, amma ba su da mai faskara musu itace. Murhun gidan kuwa buɗaɗɗe ne a jikin bango. Yana lashe itace, zafin ya bi bututun hayaƙi ya fice, ya bar su da sanyi. Bara da hunturu sai da Nana ta kwanta ciwon ƙirji. Shi ya sa ɗanta Senad ya ce bana ko dai a sa murhun ƙarfe mai ƙofa, ko su tattara su koma wurinsa a birnin Zenica, inda Nana ta ce ko akuya ba za ta yarda ta zauna ba.

Ranar Asabar ya iso a gajiye, daga aikin kwana ya taho. A motarsa akwai murhun, da wani dogon bututun ƙarfe mai lanƙwasa, wanda za a zura a cikin tsohon bututun dutse don hayaƙi ya riƙa bi ta cikinsa.

Ya hau rufi, ya ɗaure bututun da igiya, ya sako igiyar ƙasa ta cikin bututun dutsen. Nermina ta durƙusa a bakin murhu ta kama.

"Ja, Nermina!"

"Ina ja, Baffa!"

"Ja kike yi ko shafa shi kike yi?"

Bututun ya ɗan taho, sai ya cije. Senad ya zare shi, ya sake zurawa, ya sake cijewa a wuri ɗaya. Haka suka yi ta fama har azahar ta wuce. Kunkunniya ta rufe kan Nermina, tafin hannunta ya yi ja. Nana tana gefe tana dafa kofi, sai ta dubi yarinyar ta ce, "Wannan baƙar mage daga ina?"

Daga baya Senad ya sauko. Ya kwanta rigingine a cikin murhun, ya haska tocila sama. Ya daɗe a haka kafin ya fito.

"Inna, ƙarafa ne a gicciye a ciki."

"Na mahaifinka ne," in ji Nana. "A ina kake zaton ake rataye naman da kake zuwa ɗauka duk shekara?"

A wannan gidan, kowace shekara idan sanyi ya kawo kai, akan yanka maraƙi, a sa wa naman gishiri, a rataye shi a kan ƙarafan, hayaƙin murhu ya kyafa shi a hankali. Marigayi mijinta ne ya kafa su da hannunsa. Bayan rasuwarsa ita ta ci gaba da yi.

Senad ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

"Tun safe kina kallona ina hawa ina sauka."

"Ai ba ka tambaye ni ba."

"To sai an yanke su. Kuma ki sani, hayaƙi ya daina taɓa wurin ke nan. Ba sauran kyafa nama a nan. Idan ba ki yarda ba, ga mota can, ni kam na gaji."

Nana ta zuba masa kofi. Ta zuba nata, amma ba ta sha ba. Ta leƙa taga, ta ga gajimaren ƙanƙara ya fara taruwa a kan dutse.

"Zarto yana ɗakin saniya," ta ce. "Nermina, je ki ɗauko."

Yankan ya yi wuya, don wurin a matse yake. Senad yana miƙo ƙarafan, Nermina tana karɓa. Duk sun yi baƙi, suna ƙanshin nama. Nana ta goge su da tsumma, ta jingine su a bayan ƙofa.

Da aka sake zura bututun, sai ya sauko sumul. Kafin magariba an haɗa shi da murhun, an toshe gefensa da farantin ƙarfe, an hura wuta da 'yan ƙirare. Ɗakin ya ɗumama har Nana ta cire rigar sanyinta. Senad kuwa barci ya kwashe shi a kan kujera, ko takalmi bai cire ba.

Nermina ta gane cewa tun safe kakarta ta san abin da ya tare bututun, kuma ta haƙura da kyafa namanta ne don kada a raba su da gidan.