Ku Kamo Shi Ku Kawo Mana

Kwana uku hannun Yaya yana kumbure kamar an hura shi. Yaya kafinta ne, kuma hannun dama ne. Wani ɗan sanda ne ya sauke masa gindin bindiga a kansa a bakin titi, don kawai ya ce a yi a hankali da akwatin kayan aikinsa da ake zazzagewa a ƙasa. Bai riƙe fuskar mutumin ba, amma ya riƙe lambar da ke ƙirjin rigarsa: huɗu, bakwai, ɗaya, tara.

A asibiti suka naɗe hannun, suka ce aikin ƙashi kam sai da takardar 'yan sanda, tunda rauni ne na duka. Likitar ta ce idan aka wuce mako guda ƙashin zai haɗe a karkace, Yaya ba zai ƙara riƙe zarto ba.

Sau biyu muna zuwa caji ofis ni da Umma. Ɗan sandan da ke kan kanta ko biro bai ɗauka ba.

"Mama, lamba ai ba mutum ba ce," in ji shi yana sakace haƙori. "In kun san shi, ku kamo shi ku kawo mana."

Na bayansa suka fashe da dariya.

Umma tela ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe da taga mai sanduna, tsakanin mai aski da mai facin taya. Ni aikina sa maɓalli da guga, da littafi a cinya in ba kowa. Shi ya sa mai aski yake ce min Lauya.

A rana ta huɗu da hantsi wani ɗan sanda ya shigo yana riƙe da hammatarsa.

"Mama, a taimaka. Rigata ta yage, kuma ana jira na wajen aiki."

Ya cire ta, ya zauna a benci daga shi sai singileti, yana danna waya. Umma ta juya rigar ciki waje, kamar yadda take yi wa kowane gyara, ta hau keke ta ɗinke, ta jefo min in yanke zare in goge. Ni na mayar da ita daidai. Na shimfiɗa ta a tebur, na ɗaga dutsen guga, sai hannuna ya tsaya a sama.

Na karanta lambar ƙirjin rigar sau uku, don ni ko lambar gidanmu sai na yi kokwanto. Huɗu, bakwai, ɗaya, tara.

"Umma," na ce ƙasa-ƙasa. "Zo ki ga wani zare."

Ta zo ta gani. Ta dube ni, ta dubi mutumin. Sannan ta taka zuwa ƙofa a hankali, ta jawo ta, ta ɗana kwaɗo, ta zura mukullin a aljihunta.

"Lafiya, Mama?"

"Lafiya lau. Na kama ka ne."

Ya yi dariya. Da ya ga ba ta yi ba, sai ya miƙe.

"Wasa kike? Buɗe min ƙofa."

"Ranar Litinin, a bakin titi, kafinta mai akwatin ƙarfe. Ka tuna shi? Ni na haife shi."

"Ni na san wani kafinta? Mutum nawa nake gani a rana!"

"Gani kake ko karyawa?" Muryar Umma ta tashi har dutsen guga ya kusa suɓuce min. "Da wannan hannun yake ciyar da matarsa da 'yarsa! Jiya ni na ba shi abinci a baki, ƙato da gemunsa! Kai ko sunansa ba ka tambaya ba!"

Kafin ta rufe baki taga ta cika da fuskoki. Mai aski ya taho da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske. Mai faci yana riƙe da ƙarfen cire taya.

"Wace ce ke da za ki kama ɗan sanda?" in ji mutumin. "Kin san hukuncin abin da kike yi?"

"Lauya!" mai aski ya kira ta taga. "Yau ranarki ce. Talaka yana iya kama ɗan sanda, ko mu watse?"

Kowa ya juyo gare ni. Tun ranar da aka yi mana dariyar nan na aro littafin doka a laburare, na karanta shafi ɗaya har na haddace.

"Littafin ya ce... ya ce kowane mutum yana iya kama wanda ya yi babban laifi. Amma dole a miƙa shi ga 'yan sanda ba da jinkiri ba."

"Har mai kaki?"

"Bai ce ban da mai kaki ba. Na duba."

"To wannan ma ai ba kakin a jikinsa," in ji mai rabin aski.

Mutumin ya yo kaina zai fizge rigar. Na ƙanƙame ta a ƙirjina, Umma ta shiga tsakani da almakashi a hannu. Mai faci ya doki sandunan taga da ƙarfensa.

"Buɗe min, Mama, in gyara masa nasa hannun!"

"Ba wanda zai taɓa shi," in ji Umma, ta ajiye almakashin. "Da hannayensa biyu zan kai shi. Ni ba shi ba ce."

Haka muka fito. Shi a tsakiya cikin singileti, mai faci a dama, mai aski a hagu, ni a gaba da rigar a rataye na ɗaga ta sama, don Umma ta ce kowa ya ga lambar. A hanya muryarsa ta yi laushi.

"Mama, ki ba ni rigata mu yi magana ta fahimta. Ina da iyali."

"Shi ɗan nawa daga bishiya ya faɗo?" in ji Umma.

Mun kai mutum talatin lokacin da muka shiga caji ofis. Na kan kanta ya miƙe, tsinken sakace ya faɗo daga bakinsa.

"Ga shi," in ji Umma. "Kai ka aike mu."

Ba wanda ya yi dariya. Hayaniya ta fito da babbansu daga ofis. Ya saurari Umma, ya dubi rigar, ya dubi jama'ar da wasunsu suka ɗaga wayoyi.

"A ba su takardar asibiti," in ji shi. "Ita kuma a rubuta ta. Ta tsare jami'i a shago."

"Rubuta," in ji Umma. "Amma takardar ɗana tukuna, da lambar nan a jiki. Lauya, duba min."

Na duba. Huɗu, bakwai, ɗaya, tara, da hatimi a ƙasa.

Wani ya zare rigar daga hannuna ya miƙa wa mai ita. Ya saka ta a gabanmu, yana ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hannu ya duba hammata. Ɗinkin Umma bai ko motsa ba. Ya wuce ciki abinsa. Ita kuma aka nuna mata benci a bayan kantar.

Na tsaya ina kuka don haushi, da takardar a hannuna.

"Me kike kallo?" Umma ta daka min tsawa. "Ni benci ne kawai, na saba da zama! Ɗauki yayanki ku tafi kafin likitar ta tashi!"

Na ninke takardar, na damƙe ta da hannu biyu, na fita da gudu.