Ranar da Dogo Ya Zubar da Ruwa

Dogo ya sake taka totur. Babbar motar ta yi gurnani ta girgiza, tayoyin baya suka juya a banza suna ƙara haƙa wa kansu rami. Ya kashe injin ya diro, yashi ya cika masa takalmi da zafi kamar tokar murhu.

Ba wanda za a ɗora wa laifi. Duk direban da ke ratsa hamadar nan ya san idan rana ta take ba a tafiya, don taya na fashewa, injin na tafasa. Kuma duk faɗin wurin babu inuwa sai ta 'yan bishiyoyin ƙaya da ke cikin wannan busasshen kwari. Nan kowa ke gangarawa ya huta. Su ma nan suka gangara da fasinja da buhuna, motar ta lume.

Kawu, ƙanin mahaifiyarsa kuma mai motar, ko a jikinsa. Ya shimfiɗa kwali a gindin bishiya, ya ce a bari rana ta yi sanyi, sannan a sauke kaya a fita a natse. A kan hanyar nan ya yi furfura, kuma bai taɓa ganin abin da gaggawa ta gyara ba.

Dogo ya kasa zama. Wata iska ce ta bugo shi daga arewa, mai ɗan sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da ba shi da dalilin zuwa nan. Sai ya tuna wayar matarsa da safe, kafin layi ya ɗauke. Daga garinsu na gindin duwatsu take ta mita, wai an kwana ana zabga ruwa, rufi ya yi yoyo a kan katifa. Dariya ya yi, ya ce ta tara roba. Yanzu ya kare ido da hannu ya duba: can ƙarshen gani, saman duwatsun ya yi baƙi ƙirin. Daga can kwarin nan ya taso.

“Kawu, an yi ruwa a kan duwatsu.”

“Allah ya ƙara,” in ji Kawu, idonsa a rufe.

“Ta nan yake biyowa.”

Kawu ya buɗe ido ɗaya ya kalli sama. Ko ƙyallin gajimare babu. Ya ce shi ma ya sha jin labarin a bakin masu shayi a tasha, amma bai taɓa ganin ko laima a kwarin nan ba. A hamada ƙishirwa ake tsoro, ba nutsewa ba.

Dogo bai tsaya gardama ba. Ya sa mata da yara suka hau tudu, maza suka yi ta jido buhuna suna ƙunƙuni. Aka rage wa tayoyi iska, aka haƙa da shebur, aka shimfiɗa ƙarafan da taya ke takawa a yashi. Motar ta yunƙura, ta koma ta zauna. Nauyi ɗaya ya rage, kuma daidai saman tayoyin baya yake: tankin ruwan da Kawu ya sa aka yi wa walda a jikin motar.

Tankin nan kuwa Kawu na ji da shi fiye da ɗan cikinsa. Makullin murfinsa da na famfonsa a wuyansa suke rataye. Da kofi yake raba ruwa, duk wanda ya kama yana wanke fuska kuwa sai ya ji a jikinsa. Daga ciki mutane ke sha, daga ciki tsohuwar lagireto mai sanyaya injin ke sha, ita da ta fi kowa ƙishirwa. Rijiya ta gaba kuma sai an kwana a hanya.

Da Kawu ya ga Dogo ya ɗauko sufana ya durƙusa wajen toshiyar da ke ƙarƙashin tankin, sai ya miƙe tsaye. Dogo ya ce nauyi zai ragu, kuma jiƙaƙƙen yashi na riƙe taya.

“Idan ka kwance shi ruwanka bai zo ba, mutanen nan suna wuyanka,” in ji Kawu a hankali.

“Idan ya zo ya same ta a nan, Kawu, ba mota, ba tanki.”

Dogo ya murɗe toshiyar. Ruwa ya ɓalle. Fasinja suka yi caa da gorunansu suna tara abin da ya samu, shi kuwa yana jan sauran da shebur zuwa gaban tayoyi. Kawu ya juya baya, ya ƙi kallo. Dogo ya haye ya saka giya, maza suka sa kafaɗa, motar ta yi ƙugi, ta kama ƙarafan, ta rarrafa har ta hau tudu.

Daga nan sai jira. Aka kwaso buhuna, aka zauna a 'yar inuwar motar. Kwarin na nan kwance, fari fat, har jiƙar da suka yi ta bushe. Iskar ma ta ɗauke. Ba wanda ya zagi Dogo, da ma zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Wata mai goyo ta girgiza gorarta, ta tambaye shi cikin ladabi ko rijiyar da nisa. Ya juya ya kalli kwarin. Tsoro irin wanda bai taɓa sani ba ya kama shi, sai ya tsinci kansa yana roƙon Allah ya kawo ruwan da ya guje wa.

Ba da ƙara ya fara ba. Wani siririn kumfa ne ya ɓullo daga kwana, yana turo ƙirare da kashin raƙuma, yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. A bayansa rugugi ya taso, ƙasa ta ɗauki rawa. Jan ruwa ya cika kwarin baki da baki, ya shafe ramin tayoyinsu, ya kai wa bishiyoyin iya wuya. Kwalin Kawu ya yi 'yar juyawa a sama, ya wuce.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire igiyar daga wuyansa, ya kama hannun Dogo ya danƙa masa makullan.

“Mayar da toshiyar, ka buɗe murfin,” ya ce. “A kawo bokitai da ƙyallen tacewa. Ku yi sauri, yashin nan shanye ruwa yake, ba ya bar wa kowa.”