Rigar Farirai a Jikin Matope

Da safe muka taru a gidan Gwenzi a Zengeza, ranar da za a binne ɗansa Farirai. Maza a waje kan benci, mata a ciki kusa da akwatin gawa. A bayan gida ana tuƙa sadza, tuwon masara. Ni ina cikin dattawa. Tare muka yi aikin walda da Gwenzi har ƙarfinmu ya ƙare.

Tun da aka kawo gawar bai ce uffan ba. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon ƙasa. Wannan ya dami Matope, sahwiran gidan. Aikin sahwira ne ya sa kayan mamaci, ya kwaikwaye shi, ya yi masa ba'a har masu makoki su dara, kuma shi ke sauka cikin kabari ya karɓi gawa. Uban Matope ya yi wa uban Gwenzi haka. Idan sahwira ya kasa sassauta zuciyar gida, ya ji kunya a gaban gari. Matope ya ce mana kafin a ɗaga akwati sai ya ga haƙoran Gwenzi.

Farirai mawaƙin hip-hop ne. Yana saurayi ya yi wata waƙa da muryarsa ke karyewa a ciki, kamar mai kuka. An yi ta sa ta a rediyo. Mu dattawa ba mu so ta ba. Namiji ya tsaya yana shessheƙa duniya na ji. Ba wanda ya taɓa sauraronta har ƙarshe a cikinmu, kuma ba mu taɓa ambatonta a gaban ubansa ba.

Akwai baƙi a bakin katanga, samari da 'yan mata wajen talatin. Daga Mbare, daga Mutare, wasu har daga Bulawayo. An ce duk mawaƙa ne. Ba mu ba su benci ba.

Matope ya fito daga ɗaki sanye da babbar rigar fatar Farirai, hula a juye, ludayin miya a baki a matsayin lasifika. Ya ja wando ƙasa, ya yi tafiyar agwagwa. Ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa ta yi faci kamar tayar tsohuwar mota, a taimaka a kira masa Mama. Ya matse ido yana neman hawaye. Muka yi dariya. Ni ma na yi, har da buga cinya.

“Kai Gwenzi,” in ji shi, “kullum kana cikin ƙarfe, yaya aka yi ka haifi albasa, sai hawaye?”

Gwenzi bai ɗago ba. Matope ya ƙara ƙaimi. Ya kama amon waƙar nan ta kuka, iyakar abin da ya sani a cikinta ke nan, yana rera shi da gunjin akuya.

Sai wani saurayi a bakin katanga ya fara buga cinyarsa a hankali, daidai da kiɗan. Wata budurwa mai askakken kai, Shamiso, ta ɗauki baitin. Ba da fushi ba. Sauran suka bi ta, baki ɗaya, ba wanda ya yi tuntuɓe a kalma. Daga cikin ɗaki muka ji jikar Gwenzi ma ta shiga.

A ranar muka ji abin da waƙar ke cewa. Yaro ne yake tsayawa a bakin ƙofa kowace yamma da kwanon ruwa, yana jiran ubansa ya dawo daga aiki ya wanke hannu. Uban yakan wuce shi, ko kallo babu. Yaron ya ce ya fi tsoron shirun nan a kan bulala. Ya ce ya girma, ya yi gemu, har yanzu yana bakin ƙofar.

Dariya ta mutu a bakinmu. Matope yana tsaye da ludayi a hannu. Abin da gidan ya rufe shekaru, shi ya jawo shi tsakar gida, gaban surukai da maƙwabta.

Shamiso ta durƙusa ta tafa hannu, ta nemi gafarar Gwenzi, tana kiransa Sekuru, wato Kaka. Ta ce ba su zo tozarta kowa ba. Kafin waƙar nan, in ji ta, kowa a cikinsu kuri yake yi da mota da matan da ba shi da su. Daga Farirai suka koyi cewa mutum zai iya faɗin abin da ke cinsa. Ita ta yi waƙa a kan jinyar uwarta. Wani dogo a cikinsu ya yi a kan zamansa a kurkuku. Ta ce ba za su iya tsayawa a mayar da ita gunjin akuya ba.

Matope ya buɗe baki zai gyara da wata ba'a. Gwenzi ya ɗaga hannu.

“Cire rigar.”

Ya cire. Ya tsaya da 'yar singileti, ƙasusuwan kafaɗa a waje. Ban iya kallonsa ba. Ban iya kallon yaran ba.

Gwenzi ya ce wa Shamiso ta maimaita wurin ƙofar nan, sannu a hankali, kunnensa ba ya kama sauri. Ta maimaita, ba kiɗa. Ya saurara har ƙarshe. Ya juya tafin hannuwansa sama, duk tabon wuta.

“Da zafi yake kawo ruwan,” ya ce. “Kullum sai ya dafa. Hannuna a ƙone, ba na iya sawa. Ban taɓa gaya masa ba.”



Aka ɗaga akwati. Matope bai shiga gaba ba, ya hau bayan motarmu ya zauna a kan taya. A maƙabarta aka sauke akwatin, aka tsaya, don ba a san wa zai sauka ba. Ƙanin Gwenzi ya fara naɗe hannun riga. Gwenzi ya tsayar da shi. Ya juya ya nemo Matope a bayan jama'a, ya dube shi ya daɗe.

“Sauka ka karɓi ɗana,” ya ce. “Amma ka rufe bakinka.”

Matope ya sauka.